Shanun Baffa a Bakin Sadisu

Kusada, Litinin.

Zuwa ga Adda Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Abdullatif da yara. Yaya ƙafar Inno? Yaya shanu da wannan rani? Allah ya kai mu damina lafiya.

Kar ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ɗakinmu ɗaya da Sadisu a masaukin ma'aikata, maganar kuwa tashi ce, shi ya sa na ba direban da ke bi ta Tafashiya ya miƙa maki.

Kin san mu biyu aka turo gina dam a Rafin Gawo, can bayan Mawashi. Sadisu ɗan mai shagon yadi ne a Kankia, difloma gare shi, ni ke da digiri. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin ta ce ba za a yi hayar kowane inji ba sai kwamitin gari ya yarda, wato Maigari da Liman da Ardo Abdulbaƙi da Hajiya Tani shugabar mata. Ni motar daɓe nake so, mai ƙatuwar gangar ƙarfe da ke danne ƙasa. Su kuma injunan ban ruwa suke so, ba za a samu duka biyun ba. In ba a daɓe ƙasar nan hawa-hawa ba, Adda, ruwan Agusta zai huda dam ɗin ya kwashe gonakin da ke ƙasansa.

Sau biyu ina tsayawa gabansu. Na kai zane, na kai lissafi, har kwamfuta na buɗe masu. Liman ya yi ta gyangyaɗi. Hajiya Tani ta ce ita ba ta ga amfanin motar da ba ta haƙa ba ta ɗauka, sai kai da komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Aka kwashe da dariya, har da Sadisu, na gan shi da idona. Maigari ya ce in yi haƙuri, turancin ne ya yi masu yawa.

Abin da ke ba ni haushi, da mun shiga garin sai ki ji Sadisu, Sadisu ta ko'ina. Shi ake kawo ma fura, ni a ce sannu Injiniya daga nesa. Yanzu wai ya roƙe ni in bar shi ya gwada ranar Alhamis. Na ce bismilla. Abin da ya gagari mai digiri, mu ga yadda mai auna yadi zai yi da shi.

Ki gaida Inno da kyau.

Ƙanenki,
Injiniya Abubakar.

Kusada, Juma'a.

Adda Kubura,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ni dai jikina lafiya lau, zuciyar ce ba lafiya.

Adda, an yi mani sata da rana tsaka, ina tsaye ina kallo.

Jiya Sadisu bai ɗauki takarda ko ɗaya ba. Bokiti biyu ya cika da ruwa, ya ari fartanya, ya ce kwamiti su biyo shi. Ina ya kai su? Burtali! Hanyar shanun da ta ratsa bayan gari. Ya juye bokiti ɗaya a gonar da ke gefe, ƙasa ta shanye nan take. Ya juye ɗayan a tsakiyar burtali, ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Ya miƙa ma Maigari fartanya ya ce ya sara. Maigari ya sara, fartanya ta yi tsalle ta dawo. Sai ya ce masu ƙasar ɗaya ce, kofaton shanu ne ya bambanta su, motar nan kuma garke ce ta ƙarfe, har ƙusoshin jikin gangarta kofato aka kwaikwaya. Hajiya Tani ta tafa hannu ta ce ashe daɓe ne irin na tsakar ɗaki, me ya hana a faɗa masu haka tun farko. Ardo ya kama hannunshi ya ce wallahi yaron nan kamar a ruga aka haife shi.

A ruga! Sadisu da ko akuya bai taɓa korawa ba, wanda in bijimi ya yi atishawa sai ya haye babur!

Kin san daga ina ya samo? Daga bakina. Watan jiya muna kan babur muka tsallaka burtalin nan, na yi suɓul da baka na ba shi labarin yadda nake bin shanun mahaifinmu Baffa da damina, ruwa har gwiwa a burtali alhali gonaki sun tsane. Shi ke nan ya adana. Jiya kuwa ko sunana bai ambata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da nake so ne aka samu, gobe Asabar za su sa hannu. Ya kamata in yi murna. Ban yi ba. Kishi nake, Adda, na faɗa maki ƙiri-ƙiri, kishi mai hana cin tuwo. Ya sayo mana tsire don murna na ce haƙorina ke ciwo. Shekara biyar na yi a jami'a ina wanke warin nono daga jikina don a kira ni injiniya, yau ga wani ya ɗauki abin da na yar ya ci kasuwa da shi.

Ki yi mani addu'a, amma kar ki gaya ma Inno.

Naki,
Injiniya Abubakar.

Kusada, Laraba.

Addata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inno da mutan gida. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Takardarki ta iso jiya tare da man shanu, na gode. Faɗan ma ya iso. Kin ce hassada ga mai rabo taki ce, kin kuma ce ba a satar abin da mai shi ya jefar a bola. Ya yi zafi, amma bari ki ji abin da ya faru kafin ta iso.

Ranar Asabar muka taru a zauren Maigari, takarda a shimfiɗe, saura sa hannu. Sai Liman, wanda nake cewa barci yake, ya gyara zama ya ce shi fa ya yi tunani. Tunda shanu ne suka daɓe burtali, ga shanu cike da gari, me za a yi da garken ƙarfe? Ardo ya ba da nashi don Allah su tattake dam ɗin, a kawo injunan ban ruwa. Zaure ya ɗauka, kowa na cewa wannan ita ce magana. Maigari ya janye takardar.

Sadisu ya miƙe. Ya ce ai ba ɗaya ba ne, aka ce mashi ai kai ka ce ɗaya ne. Gumi ya keto mashi, ya juyo yana kallona. Ni kuwa, Allah ya yafe mani, na sunkuyar da kai ina wasa da makullin babur, daɗi ya cika ni fal. A raina na ce ɗan ruga, ga shanunka nan, kora mu gani. Na san dam zai ɓalle in aka bi shawarar Liman, na sani sarai, amma na yi gum.

Sai Ardo ya ce ba komai, zai kawo garkenshi duka, har da masu ciki, su wuni suna zagaye a kan laka. Adda, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da Fillanci ma ya fito. Na ce mashi masu ciki a cikin laka, da wannan rani, ba kiwo? So yake su yi ɓari, nonon sauran ya ƙafe? 

Tunda na fara sai na ƙarasa da Hausa. Na ce burtali tun kakanni ake taka shi, mu kuwa sati bakwai ya rage mana kafin ruwa. Na ce kowa ya san saniya sawun 'yar'uwarta take bi, layi ɗaya, don haka tsakiya za ta yi tauri gefe ya zauna ruɓus, ruwa kuma gefen zai nema. Na ce a ɗauko fartanyar nan a koma. Muka koma, Maigari ya sari bakin burtali, fartanya ta shige har ƙota. Ardo ya ce shi kam ya janye shanunshi, a kawo motar. A kan sirdin babur ɗinmu aka sa hannu.

Daga nan Ardo ya tsare ni da ido ya ce ɗan wane ne ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mashi sunana na gida, na ce Bubayero ne, ɗan marigayi Lawal na rugar Tafashiya. Ya riƙe baki, ya ce tare suka sha shayar da shanu da Baffa. Sai ya ce, to ɗan Lawal, me ya sa ka yi wata guda kana azabtar da mu da turanci?

A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na tambayi Sadisu dalilin da bai ambaci sunana ba ranar Alhamis. Ya tsayar da babur ya dube ni. Ya ce ai ni na ce mashi, a ranar da na ba shi labarin, kar in kuskura in ji zancen kiwon nan a bakin kowa. Wallahi na faɗa, Adda. Na manta ne.

Motar ta iso shekaranjiya, an fara daɓe, ƙasa na kamawa yadda nake so. Duk garin motar Sadisu suke ce mata, Hajiya Tani ma haka. Har yanzu in na ji sai wani abu ya soke ni, ba zan yi maki ƙarya ba. Amma ba sunan motar ke ci na ba. Ɗan mai yadi ya tsaya gaban gari guda ya yi tinƙaho da shanun Baffa, ni da na bi su da ƙafata na kasa. Wannan kishin ban san ranar da zai sake ni ba.

Man shanun na raba biyu na ba shi rabi. Ki ce ma Inno ina nan tafe ranar Juma'a, tare da baƙo, a dama fura da yawa.

Ƙanenki,
Bubayero.