Clive Ya Ƙi Zama Gaban Kyamara

Litinin, 5 ga Maris

Kwamiti ya ɗora mini rubuta tarihin ƙungiyarmu ta ma'aikatan kyamarar fim, don bikin cikarta shekara hamsin. Dalili kuwa, an taɓa ganina da littafi a hannu lokacin cin abinci. A sana'armu wannan ya isa a kira mutum shehin malami.

Alhamis, 8 ga Maris

Na wuni a ofishinmu na unguwar Fitzroy ina tonon kwalayen hotuna. Ƙeya, kafaɗa, gwiwar hannu, wata ƙeyar. Mutane sun ƙarar da rayuwarsu suna fito da fuskokin wasu, ba wanda ya bar tasa. Al'adarmu ce ta jawo: duk ma'aikacin da kyamara ta kama, ko inuwarsa ce, sai ya sayo wa jama'a katan ɗin giya, a kuma shekara ana yi masa dariya. Ni ban taɓa saya ba, kuma nakan gaya wa duk wanda ya yi gangancin tsayawa kusa da ni.

Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Clive Tonkin kaɗai ya rage, maigidana da ya koya mini aiki. Ƙarshen Afrilu 'yarsa za ta tafi da shi birnin Perth, ta ce sunaye sun fara kuɓuce masa. Ba wanda ya san yadda aka fara sai shi. Thuy, shugabarmu, ta ce a ɗauke shi a fim kafin ya tafi.

Asabar, 17 ga Maris

Na je gidansa a unguwar Coburg. Shayi mai kauri, biskit ɗin da ya girme ni.

"Yaro, ka yi tumbi," in ji shi. Na haura hamsin, har yanzu yaro.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ni? A gaba? Shekara nawa ina cin tarar mutane, yanzu in tsufa in sayo wa 'yan jiya giya?"

Na ce, "Maigida, ni zan biya."

"Ba a biya wa mutum kunyarsa."

Da zan fito ya kira ni da sunan wani. Ya gyara da sauri. Mu duka muka yi kamar ba a yi ba.

Laraba, 21 ga Maris

Ya ce zai zo "ya duba yadda suke aiki". To.

Talata, 3 ga Afrilu

Abin da ya faru yau ba zai shiga littafin ba, sai dai nan.

An ajiye kujera, an kunna fitilu, an rataya makirufo. Tsofaffin 'yan ƙungiya suka cika ɗakin, kowa ya lallaɓa ya tsaya bayan kyamara, har ba wurin numfashi. Clive ya shigo, ya wuce kujerar kamar bai gan ta ba, ya ciro tef ɗin awonsa ya auna daga gilashin kyamara zuwa inda idon mai zama zai kasance. Ya gyara saitin, ya shige cikinmu.

A nan bayan ya buɗe baki. Labari mai daɗi, da sunaye da komai. Muna ta dariya, kyamara na ɗaukar kujerar da ba kowa, makirufo na can nesa yana sauraron fanka. Ƙwararru cike da ɗaki, ba wanda ya yi tunanin juya kyamarar. Hannunmu bai saba ba.

Thuy ta ce, "Baba Clive, maimaita mana a kan kujera." Ya ce ya gaji. Na ga alama ba gajiya ba ce, zaren ne ya tsinke masa.

Ban ci abincin kirki ba yau.

Asabar, 14 ga Afrilu

Thuy ta sa kujera biyu. Na tambaye ta ta biyun ta wa ce. Ta ce, "Kai dai masanin tarihi, zauna. Ba ya magana da gilashi, da mutum yake yi."

Na kawo mata hujjoji daga littattafai. Ta ce in cire hula.

Clive ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona ina zufa cikin fitilu. Ya yi dariya har da tari. "Wa zai ce zan ga wannan rana? Matsa, yaro, ka tare mini haske." Ya zauna.

Ya ba da labarin tun daga tushe. Yadda suka yi watanni suna ɗaukar wani fim a hamada bayan garin Broken Hill, yashi a haƙora, yashi a kyamara. Da fim ɗin ya fito suka sa kwat suka je silima, suka zauna har ƙarshe suna jiran sunayensu. Sunan dokin jarumin ya fito, nasu bai fito ba. Daga nan suka zarce ɗakin bayan wata mashaya, suka yi rantsuwa ba za su ƙara taɓa kyamara ba sai an rubuta sunan kowa.

Suna ɗaya ya ɓace masa. Ya dube ni, na faɗa masa a hankali, ya ci gaba. Hannunsa na kan gwiwata har aka gama.

Katan biyu muka sayo. Ya dage shi zai biya nasa.

Lahadi, 29 ga Afrilu

Jirgin su Clive ya tashi jiya. 'Yarsa ta bugo, wai tun a hanya yake gaya wa maƙwabcin kujerarsa shi ɗan wasan fim ne.

Na sake kallon abin da aka ɗauka, don duba ingancin hoto kawai. Kunnuwana sun fi yadda nake zato girma.

Akwai sauran tsofaffin da suka shigo bayan su Clive. Noreen Vella, mace ta farko da ta ɗura fim a kyamara a ƙungiyar, ta aiko cewa za ta zauna in akwai kujera ta biyu. Na ce wa Thuy zan duba ko ina da lokaci.

Na kai shuɗiyar rigata wajen mai guga.