Lamba Biyar

Litinin, 3 ga Maris
Sabbin takalma uku sun iso, baƙaƙe biyu da ruwan toka ɗaya. Shekara ashirin da shida ke nan ina abu ɗaya: in sa sabon takalmin Sarauniya Honora, in yi ta kai da kawowa a kan darduma har fatar ta yi laushi, don kada ya cije ta ranar fita. Ba don wata basira aka ɗauke ni ba. Ƙafarmu ce ta zo ɗaya, lamba biyar. Yau ko minti goma ban yi ba na nemi kujera.

Laraba, 5 ga Maris
Ƙashin gindin babban yatsana na hagu ya ƙara turowa. Da cokali na tura ƙafar cikin ruwan tokan. Ban gaya wa Misis Ashdown ba, shugabarmu ta ɗakin tufafi. In ta ji ƙafata ta canza, me ya rage mini a gidan nan?

Asabar, 8 ga Maris
Ƙanwata Glenys ta bugo daga Whitby. "Yaya, kin ba su ƙafa, saura me, kai? Ki dawo gida mu tsufa tare, ɗakinki na nan." Na ce ta ji da kazar da ta ɗora a wuta. Bakin nan nata ba ya hutu.

Talata, 11 ga Maris
Na gaji.

Laraba, 12 ga Maris
Ruwan tokan ya buɗe ta hagu, na gani da idona. Na ce wa kaina kaɗan ne. Na goge shi, na jera kusa da hular gobe. Gobe dashen itace a wani ƙauye, daga nan asibiti, daga nan shan shayi da mutum ɗari biyu. Maigidanta Sarki zai yi jawabi, ita Sarauniya za ta tsaya taku ɗaya bayansa tana murmushi awa uku. Babu mai tuna abin da ta ce a irin wuraren nan, sai launin hularta.

Alhamis, 13 ga Maris
An kwana ana ruwa, filin duk laka. Sarauniya ta zuba ƙasa a gindin itacen da shebur, aka tafa, Sarki ya juya ya nufi mota. Ta bi shi. Taku na biyu takalmin hagu ya maƙale a laka, ƙafar ta fito da safa kawai.

Ba ta tsaya ba. Shi bai tsaya ba, to ita ina za ta tsaya? Haka ta taka har mota, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana karɓar furanni, tana cewa "Na gode, sun yi kyau." Shi ko waiwaye bai yi ba, bai ma sani ba. Ni na je na zaro takalmin a gaban masu ɗaukar hoto. Kunya kamar in nutse.

Juma'a, 14 ga Maris
Safarta ce a shafin farko na kowace jarida. Asibitin da ta yi shekara huɗu tana nema wa taimako, layi biyu ya samu can ƙasa. Misis Ashdown na cewa za ta rubuta wa mai ɗinkin takalma takarda mai zafi. Tsoho ne, bai yi komai ba.

Litinin, 17 ga Maris
Na faɗa wa Sarauniya da safe ina ɗaura mata sarƙa. Na ce, "Ranki ya daɗe, laifina ne. Ƙafata ta buɗe, na ɓoye."

Ta dube ni ta madubi. "Tun bara na sani, Pickard. Ina jin tafiyarki a baranda."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zan yi wa ƙorafin huluna in kin tafi?" Ta yi 'yar dariya, sai ta daina. "Cire takalman, Doreen. Zauna."

Ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba, kullum sai Pickard, sunan gidanmu. Na zauna a gabanta ba takalmi, abin da ba a yi. Ta ce ita dai dole ta ci gaba da tsayuwa, amma ni ba dole ba ne. Ban san ko sallama ce ko kyauta ba. Na yi kuka, ta miƙo mini hankicinta.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Whitby. Na bar fada, na dawo gida: iska, da Glenys da surutunta. Jiya ta ja ni kantin takalma, aka auna ni: lamba shida da rabi, mai faɗi. Mummunan takalmi, baƙi kamar na ɗan sanda. Na sa shi ne kawai don ta rufe mini baki.

Yau na je har ƙarshen gaɓar teku na dawo. Sai da na iso ƙofa na lura ban nemi wurin zama ba. An ce Sarauniya ta buɗe wata gada ranar Alhamis. Ban duba me ta sa a ƙafa ba.