Ɗakuna Biyu a Kan Hanyar Ruwa

Agege, 14 ga Mayu, 2001

Yaya Sunusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Funtuwa. Khamisu direba zan ba wannan takarda idan ya gama sauke tumatir a kasuwar Mile 12.

Damina ta sauka da ƙarfi. Ruwan Talata ya shiga gidaje tara a layinmu, har motar haya ta danfo ta maƙale a bakin masallaci. Mu dai tsakar gida kawai ya taɓa, amma gidan Zuliha da ke ƙasa da mu sai da ya kai gwiwa. Masai ɗinsu ya cika ya tumbatsa, rijiyarsu kuma ta fara wari.

An kafa kwamitin unguwa, Hausawa da Yarabawa. Sun bi sawun ruwan tun daga titin jirgi har babban kwalbati, suka ce tsohuwar magudana ta bi ta ƙarƙashin ɗakuna biyun nan na bayan gidanmu, inda nake zaune. Suna so a rushe su a buɗe wa ruwa hanya. Na ce gidan gado ne, ba a raba ba, kuma kai ne babba. Ina jiran abin da za ka ce.

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiya

Funtuwa, 27 ga Mayu, 2001

Halima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya.

Ba a taɓa ɗakunan nan. Shekara goma sha biyar suna tsaye, duk zamanin soja ba wanda ya ce sun tare masa hanya, sai yanzu da kowa ya zama ɗan kwamiti yana neman kansila ya san da shi. Ruwa a Legas ba yau ya fara ba. A Agege aka haife ni, na san yadda yake zuwa ya wuce. Idan rijiyar Zuliha ta ɓaci, 'yan garuwa na nan.

Ki gaya musu magada biyar ne, ba su zauna ba tukuna. Kada ki sa hannu a kowace takarda. Ki gaida yara.

Yayanki,
Sunusi

Agege, 18 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Alhaji Sunusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, sunana Mahbub Audi, sakataren kwamitin unguwa. Malama Halima ta isar mana da amsarka, shi ya sa aka umarce ni in yi maka bayani.

Ranka ya daɗe, ba mu so mu yi aiki da zato. Ranar Asabar da ake yayyafi mun narka bula mai yawa, irin ta wanki, muka zuba a magudana daga saman layi. Ruwan ya tafi har bangon bayan gidanku ya tsaya, ya kwanta a nan yana nitsewa. Washegari da hantsi muka ja guga a rijiyoyi shida. Huɗu sun fito da shuɗi. Dattawa sun gani da idonsu.

A watan nan mutum tara aka kai asibiti da amai da gudawa, dukkansu daga gidajen da ke shan waɗannan rijiyoyi.

Ba gidanku kaɗai abin ya shafa ba. Masallaci ya ba da wurin alwala an rushe. Iya Mulika mai abinci ta janye rumfarta da kanta. An yashe sama, an yashe ƙasa, tsakiya ce ta rage.

Akwai wata magana da ban so rubutawa ba, amma an faɗe ta a gaban jama'a. Malam Nata'ala magini ya ce shi ya cike magudanar da ɓaraguzai a 1986. Ya ce marigayi mahaifinku ya hana, sai da ya tafi aikin Hajji kai ka sa aka yi. Ba mu kawo wannan don tozarci ba. Muna neman izininka ne kafin ruwan Yuli.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Mahbub Audi

Agege, 16 ga Yuli, 2001

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Khamisu ya ce ya damƙa maka takardar Mahbub hannu da hannu. Mako huɗu ke nan ba amsa.

Ranar Alhamis biyar ga wata an yi ruwa daga azahar har la'asar. Ya haura tagar Zuliha. Ran Lahadi 'yarta Firdausi, mai shekara huɗu, ta fara gudawa. Tun watan jiya ruwan garuwa suke saye na sha, amma kwanuka da na rijiya ake wankewa, kowa haka yake yi. An kai ta asibiti ran Litinin, an yi mata ƙarin ruwa. Ta rasu Talata da safe.

Na je gaisuwa. Da zan fita Zuliha ta rako ni har ƙofa, ta ce, "Anti Halima, ni ban ce laifin kowa ba ne. Amma ina da saura biyu."

Ran sadakar uku na kira Mahbub, na ce su zo da diga. Ya ce, "Alhaji ya amsa?" Na ce bai amsa ba. Ya ce to wa zai sa hannu, na ce ni. Na kwashe kayana zuwa zaure, ni da yara muna can yanzu, mun rataya labule.

Kwana biyu suka yi suna aiki. Malam Nata'ala, da tsufansa, shi ya nuna musu inda za su sara. Da suka kai ƙasa sai ga magudanar nan yadda take, da bakinta na siminti, cike da fasassun bulo da baƙin taɓo. Jiya an sake ruwa mai ƙarfi. Na tsaya ina kallo yana wucewa ta inda gadona yake a da. Bai shiga gidan kowa ba. Rijiyoyin huɗu an rufe su, ma'aikacin lafiya ya ce sai an kwashe ruwan an zuba magani, wataƙila bayan damina.

Na saɓa maka, na sani. Da sunana na sa hannu, ba da naka ba. Idan an zo rabon gado a ɗauka ɗakunan nan biyu su ne rabona, na riga na karɓa. Ba na neman komai a sauran gidan sai a bar ni a zauren kafin in sami wuri.

Ka gaida iyali.

Halima Sa'adiya

Funtuwa, 29 ga Yuli, 2001

Halima,

Wa alaikumus salam. Takardun biyu duk na karanta.

Abin da Nata'ala ya faɗa haka aka yi. Na tara sauran 'yan'uwa ran Juma'a, na gaya musu a gaban shaidu cewa ɗakunan da aka rushe daga rabona za a cire. Ki bar zaure ki koma ɗakin Baba. Makullin yana hannun Khamisu.

Ba zan zo Legas bana ba. Ki yi wa Zuliha ta'aziyya da bakinki. Na ɗauki biro sau uku in rubuta mata, ban san da me zan fara ba.

Wassalam,
Sunusi