Kofin Baba Mai Hoton Gauraka

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Yau bakina ya ja mini. Na je gida bayan an sauko daga masallaci, na tarar da Baba a zaure da Malam Kolo da sauran abokansa, yana shan fura a kofinsa na kullum, na tangaran ɗin nan mai murfin ƙarfe. Kofin ya girme ni. Wani Bajamushe mai nazarin tsuntsaye ne ya ba shi, zamanin da Baba ke yawo da shi a kwalekwale cikin fadamun Kirikasamma.

Makon jiya na ɗauki hoton gindin kofin na tura wa Haris, ɗan yayata da ke karatu a Jamus. Da safen nan ya ba ni amsa. Tambarin da aka danna a yumɓun na wata masana'anta ne, rubutun da ke ƙasansa kuma ya nuna an yi shi tun ƙasar tana rabe biyu. Ɗan layin da ke kusa da baki kuwa ma'aunin giya ne.

Na durƙusa ina gaishe su, Baba yana cikin faɗa musu irinsa sarakunan Jamus ke shan ruwa da shi. Sai na ji kaina na ce, "Baba, ai kofin giya ne." Har da dariyata.

Malam Kolo ya tafa hannu, wai ashe Baba, limaminsu, yana ja musu salla bayan ya sha a kofin mashaya. Kowa ya yi dariya. Baba ya rufe murfin a hankali.

Asabar, 5 ga Oktoba

Inna ta ce a kwanon silba ya sha kunu. Rabin kunun ya zube masa a riga, saboda hannun nan nasa da ke rawa. Kofin yana da mariƙi mai kauri. Ban taɓa lura da amfaninsa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

A aji ina gyara wa ɗalibai kuskure, zuciyata tana zaure. Gaskiya na faɗa, wannan ba shakka. To wa ya tambaye ni? Kuma me ya hana in jira ya shigo cikin gida?

Na tambayi malamin addini na makarantarmu. Ya ce mazubi in an wanke shi ya tsarkaka, balle wanda ba a san an taɓa zuba komai a ciki ba. Na kai wa Baba maganar da ɗokina. Ya ce, "Na san wannan, Bushira."

Laraba, 9 ga Oktoba

Ya daina zaman zaure. Wai sauro.

Da zan tafi ya miƙo mini kofin a ƙulle cikin leda. Ya ce in na zo gada in jefa shi kogi. Na ce to. A Keke Napep na rungume shi kamar jariri, muka hau gada, ruwa cike har yanzu, muka sauka. Yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa.

Ya kira ni a waya ya tambaya, na ce na jefa. Ga cin fuska, ga ƙarya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na kulle ɗaki na fito da shi, na yi masa kallon da ban taɓa yi ba. Gauraka ce a jikinsa da tukkunta, a bayanta goruba da ɗan kwalekwale da mutum a tsaye. Ina Jamus ina goruba?

Na sake ɗaukar hotuna da kyau. A gefen tambarin akwai ƙananan haruffa biyu, H da B, da lamba 87. Su ba danna su aka yi ba, da fenti aka rubuta. In na shafa zanen ina jin tudun fentin a yatsana. Na tura wa Haris. Ya ce, "Anti, wai lafiya kike ta bin kofin nan?" Ban faɗa masa ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Haris ya nuna wa wata tsohuwa mai sayar da kayan tarihi a garin da yake karatu. Ta ce masana'antar farare take sayar da irinsu, hoton kuwa wani ne ya zauna a gida ya zana da hannu, ya sa sunansa da shekara, aka sake gasawa. Ta ce ba ta taɓa ganin mai wannan hoto ba, da wuya a sami na biyunsa.

Kofin giya ne dai har yanzu. Na so ta ce ba shi ba ne.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Zazzaɓi ya kwantar da Baba tun shekaranjiya. Na zauna gefensa ina masa fifita, kawai na ce, "Baba, ban jefa ba." Ya ce in kawo.

Na je na ɗauko. Na nuna masa haruffan. Ya ce Helga ce, matar Baturen. Ba ta taɓa zuwa ƙasar nan ba, daga hoto ta zana, shi ya sa ta gajarta wa gaurakar ƙafa. Na nuna mutumin da ke kwalekwale na ce wane ne. Ya ce, "Wa kike gani?"

Na ba shi haƙuri. Ya ce Kolo tun suna yara haka yake, dariyarsa ba ta dame shi ba. Bai ce komai a kan tawa ba.

Bai sha a ciki ba. Ya ce in ajiye a wurina.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ya warware, har ya fita masallaci da ƙafarsa. Ya ce rabonsa da fadamar Kirikasamma tun kafin hannunsa ya fara rawa, bai ma sani ba ko ciyawar kachala ta cinye hanyar ruwan da suke bi.

Na ɗage darasin da nake wa 'yan aji shida ranar Asabar. Na yi magana da mai mota, gobe da sassafe zai kai mu Kirikasamma. Na ce wa Inna busasshen kifi zan sayo, ya fi araha a can, Baba kuma rakiya zai yi mini.