Barewar da Ka Rataye a Tsamiya

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama, 'yarka ce Ladidi, daga Riyadh, inda nake aikin jinya shekara tara ke nan.

Na san ba za ka karanta ba. Amma maganar ta fi ƙarfin cikina.

Ka tuna yadda ka yi ta jan mu yamma? Daga Hadeja zuwa Yawuri, har tungar nan ta bakin kogin Kwara, duk inda ka ji labarin dajin da ba a taɓa ɗana wa tarko ba sai mu naɗe tabarma. Inna tana mita, kai kana dariya. Gidanmu kullum warin fatar kada da ta mesa, ni kuwa har toshe hanci nake yi don ka gani.

Kai ka koya mini dokarku ta maharba: in ka tarar da nama a tarkon wani, ka yanka kada ya zama mushe, ka rataye, ka ƙulla ciyawa a wurin, ka wuce. Ko hanta ba a taɓawa.

Sai ga Ɗanjuma, abokin farautarka, ya ce ka kwance masa barewa ka tafi da ita. Ka rantse cewa a tsamiya ka rataye ta ka bar ta. Sarkin baka, shugaban maharba, ya ƙwace tarkunanka. Ka haye kogi ka nufi Borgu, sai labarin rasuwarka da fatake suka kawo.

Baba, makon jiya na shiga duba wani tsoho da ɗansa ya kawo daga gida, ciwon ƙoda. Da ya ji Hausata ya tambayi 'yar wace ce ni. Ina faɗin sunanka ya juya fuska bango. Ɗanjuma ne!

Da bakinsa ya faɗa. Ya tarar da barewar a rataye, ga ƙullin ciyawarka. Shi ya sauke ta. Bakin rafin da ka gano kake farauta yake so, shi ya sa ya yi maka ƙazafi.

Ya roƙe ni gafara. Na ce ba tawa ba ce. Na ɗora masa waya a ƙirji ya maimaita, na ɗauki muryarsa, na tura wa Yaya Sule. Ranar Juma'a aka saurara a ƙofar masallacin tunga. Tsofaffi uku suka rage da suka san maganar, amma sun ji, Baba. Sun ji.

Saura nawa. Safiyar da za ka tafi, ka kira ni in miƙo maka gorar ruwa. Ina jin ka. Na laɓe bayan rumbu, don ni ma na yarda kai ɓarawo ne. Sau uku ka kira. Daga nan ka shiga ka ɗauko da kanka.

Shekarata goma a lokacin, amma wannan bai taɓa sanyaya mini rai ba. Kullum da safe ni nake ɗaga kan Ɗanjuma in ba shi ruwa, don ban ga da me na fi shi ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, ko a ina yake. Allah Ya isar maka da wannan. Ka yafe mini, Baba.

'Yarka mai jin kunyarka,
Ladidi