Rabin darasin zinariyar Kaliforniya

Laraba da dare, Ƙonni

Yau ɗana Mansur ya zo mini da tarihi a bakinsa. Wai a makarantarsu ta lise sun yi darasin Amurka a ƙarni na sha tara, yadda aka gano zinariya a Kaliforniya, manoma suka bar gonakinsu, ƙauyuka suka zama birane, har jirgin ƙasa ya kai can. "Inna, Jado ma haka za ta zama. Mi zan yi da jarrabawar bak?" Jadon nan can gaba da Agadas take, inda ake haƙar zinariya, can yake son zuwa.

Na ce ya kawo kayensa, littafin da yake rubuta darasi. Darasin ya tsaya a tsakiyar shafi, daga nan sai fari fat. Da na matsa masa ya faɗa da bakinsa: ranar da mushe, malaminsu, ya ƙarasa darasin, shi yana tasha yana tambayar motar Agadas.

Ni ma na zauna a bencin makaranta, ban manta ba. Na aro kayen Hadiza ɗiyar maƙwabta, ajinsu ɗaya, na sa shi ya karanta sauran da ƙarfi gaban babansa. Yawancin masu haƙa sun koma hannu wofi, wasu cuta ta kashe su, ’yan asalin ƙasar kuma aka kore su daga filayensu. Masu sayar da shebur da abinci su ne suka yi arziki.

Ya ce, "To Inna, in tai in saida shebur." Babansa ya yi dariya, ni ban yi ba. Yaron da ya kasa zama ya ƙare darasi guda, ina ya ga haƙurin kasuwa?

Raina a kwance yake. Gobe ni da kaina zan raka shi har ƙofar aji, abokansa su yi ta dariya. Gara ya sha kunyar safiya guda da in zauna ina jiran waya daga daji.