Hadarin da Na Gani Daga Fatakwal

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kwandiko. Ya jikin Inna? Ya kuma ƙarin haƙuri?

Direban da ya kawo albasa nan ya ce ruwa ya tafi da dammunan geronku na gonar bakin rafi. Yaya, na ga hadarin nan a hoton tauraron ɗan'adam tun yana wajen Chadi, ya nufo yamma. Na kira ka don a dakata da girbi, ka ce an riga an sa ranar gayya, ba za ka ɗaga wa mutane rana saboda hoton waya ba.

Ban ga laifinka ba. Na sha tayar muku da hankali a bana, hadarin ya baje a hanya. Amma wallahi na gaji da ganin masifa daga nesa ba abin da zan iya.

Yau wani ya taso, ya fi wancan, layinku kuma ba ya shiga. Ka fitar da Inna daga ɗakin ƙasar nan in takardar nan ta riga shi isowa, ko da yake ba na zaton za ta riga shi.

A sa mu a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Habu